Shafin gwamnati na ƙin buɗewa, na 'yan damfara na buɗewa nan take

Duk sa'ad da aka fara ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, shagunan kafe na Badariya da sauran unguwannin Birnin Kebbi kan cika da matasa riƙe da lambar NIN da hoton fasfo. Akasarinsu suna da babbar waya a aljihu. Abin da ya kawo su shi ne shafin ba ya buɗewa a wayar, ko ya buɗe ya tsaya cak a tsakiyar cike fom, data kuma ta riga ta tafi.

An ga haka a watan Yulin 2025, lokacin da hukumar CDCFIB, mai ɗaukar ma'aikatan shige da fice, gidajen gyaran hali, kashe gobara da Sibil Difens, ta buɗe shafinta sannan ta dakatar da shi saboda tangarɗa. Irin wannan giɓin ne kasuwar 'yan damfara. Shafinsu ba shi da nauyi, yana ɗauke da tambarin Najeriya, a WhatsApp yake yawo, kuma a ƙarshe zai nemi lambar BVN ko "kuɗin fom".

Akwai hanyar tantancewa mai sauƙi: adireshin hukumar gwamnati ya kamata ya ƙare da .gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da bayarwa. Sai dai hukumomin da kansu suna ɓata wannan ƙa'ida, domin wasu kan saki sanarwa a Facebook su bar shafinsu da labarin bara. Ta yaya matashi zai gane na gaskiya?

Ko shafin da ke aiki ma ba lallai ya amfani mai waya ba. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018, ya sa jihohi, har da Kebbi, wallafa kasafin kuɗinsu a intanet, kuma wannan ci gaba ne. Amma manomin shinkafa a Argungu da ke son sanin abin da aka ware wa taki zai tarar da dogon kundin PDF da Turanci, mai cike da jadawalin da ba ya karantuwa a fuskar waya.

Tun bayan da shafin IReV na INEC ya gaza nuna sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kan lokaci ranar 25 ga Fabrairun 2023, kalmar "tangarɗar na'ura" ta daina gamsar da mutane da yawa. Yanzu idan shafin ɗaukar aiki ya tsaya, zargin farko shi ne an riga an raba guraben.