Idan Sikeli Ya Tsaya, Ba Shayin Rage Ƙiba Ne Mafita Ba



Akwai wani abu da ke faruwa a gidaje da yawa, musamman ga iyayenmu da yayyenmu. Mutum ya je asibiti a nan Tambuwal ko a Kebbe, an auna shi an ce jininsa ya hau, ko suga ya yi masa yawa, likita ya ce ya rage nauyi. Sai ya rage tuwo da shinkafa. Makonnin farko abin ya yi daɗi, kilo 2 ko 3 su tafi, riga ta fara yi masa yawa. Daga nan sai sikeli ya cije. Wata guda, wata biyu, lamba ɗaya yake nunawa. A nan ne ake cewa "abin bai karɓe ni ba", sai a nufi masu sayar da shayin rage ƙiba. Ni a ganina wannan ganganci ne, domin tsayawar sikeli ba ciwo ba ce balle a nema mata magani.

Dalilin tsayawar yana cikin darasin kimiyya. Jikin mutum yana ajiye wani ɓangare na abincin da ya ci a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Da an rage ci, wannan ajiyar jiki ke fara taɓawa, ruwan ya bi ta ya fita. Ke nan yawancin abin da ya sauka a farko ruwa ne, ba kitse ba. Kitse a hankali yake tafiya. Bayan haka, jikin da ya ragu ba ya buƙatar abinci kamar da. Kamar jaki ne da aka sauke masa buhu ɗaya, ƙarfin da zai kashe a hanya ya ragu. Abincin da ake kira kaɗan a watan jiya, a wannan watan ya zama daidai cikin mutum, sai nauyi ya tsaya. Duk mai azumi ya san haka: goman farko ake zabgewa, daga baya jiki ya saba.

To me ke cikin shayin? Da yawa daga cikinsu ganyen da ke sa gudawa ne, dangin filasko da kakanninmu suka sani. Mutum ya sha ya kwana yana zarya bayan gida, da safe ya hau sikeli ya ga ya ragu, ya yi murna. Ruwan jikinsa ne ya zubar. Ya sha ruwa kofi biyu ya ci abinci, nauyin ya dawo, kitsen kuma yana nan inda yake. A zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato, wanda ko lafiyayye ƙishirwa ke wahalarwa, sai mai hawan jini ko ciwon suga ya sayi gudawa da kuɗinsa? Wasu kan ce ai akwai lambar NAFDAC a jikin kwalin. Su duba da kyau. Magungunan ganye da yawa masu lamba an rubuta a jikinsu da Turanci cewa hukumar ba ta tantance aikin da aka ce maganin yana yi ba.

Abin da ya fi shi ne a duba abin da ake sha, don nan ɓarnar take ɓuya. Mutum ya rage tuwon dawa amma bai taɓa sugan shayi ba, bai bar lemon kwalba ba, zoɓo da kunu da fura duk sai sun ji suga. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage suga, ta ce ya fi kyau kada ya wuce giram 25 a rana, wato ƙaramin cokali 6. Kwalbar Coca-Cola ɗaya ta 35cl tana da kusan cokali 9. Tuwo bai yi laifin komai ba aka kore shi, aka bar mai laifin yana zaune a kofi.

Sai tafiya a ƙasa. Hukumar ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Iyayenmu da ke zuwa gona da fadama ba su san wannan lissafi ba amma sun wuce shi. Matsalar tana ga wanda ko bakin kasuwa zai je sai ya tsayar da kabu-kabu. A ƙara wake, kwaɗon zogale da rama, a yi barci sosai, a ba abin lokaci, a koma wurin likitan da ya ba da shawarar tun farko.

Yanzu na zo kanmu. Na ga wasu 'yan mata a makarantar nan sun fara kwaikwayon manya, suna ƙin karyawa da safe wai kada su yi ƙiba, saboda an tsokane su a aji. Wasu kuma akasin haka, ƙwayar "sha ka fashe" suke nema don su cika. Duka biyun ba namu ba ne. Mu girma muke yi, dole nauyinmu ya ƙaru tare da tsawonmu, kuma yarinyar da ta fara al'ada tana buƙatar abinci mai ƙara jini. Wadda ba ta karya ba ita ce jiri ke ɗiba a wurin taron safe, ita ce ke gyangyaɗi a darasi na uku. Masu tsokana kuma su ji tsoron Allah, su bar kiran mutane da sunan buhu ko tsinke.

Abin da aka ce masu shekarunmu su yi shi ne motsa jiki na minti 60 kowace rana. Don haka ina roƙon shugaban makaranta da malamin wasanni, lokacin wasa da ke cikin jadawali a daina mayar da shi lokacin kwafar rubutu ko sharar fili, kuma a ware wa 'yan mata nasu gefen filin da ƙwallonsu, don yanzu maza ne ke cinye shi duka mu muna zaune a gindin dogon yaro muna kallo.