TAFIYA MABUƊIN ILIMI: Yaron Falanko a Birnin Damagaram

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin ziyara. Filin wannan wata ya kawo muku labarin wani manomi na Falanko da ɗansa mai shekara 8.

Yaron bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba. Da aka gama ɗaurin gero, uban ya ce zai kai shi Damagaram ya gaida gwaggonsa da ke aure a unguwar Zango. Hanyar Damargu rairayi ce, ga kuma nisa. Don haka ya ɗora kekensa bisa motar kasuwa. Suka faɗa babbar hanyar da ta fito daga Tanut, suka isa birni da la'asar.

Da gari ya waye, uban ya ɗora yaro a bayan keke don su ga gari. Yaron ba takalmi, ƙafafunsa suna reto. Ba su yi nisa ba sai wani ɗan kabu-kabu ya danna oda a bayansu. Yaro ya firgita, diddigensa ya shiga cikin wayoyin ƙafar baya. Ya yi ƙara, jini ya zubo. Allah ya sa uban ba gudu yake ba, ya taka birki nan take.

A gidan likita aka wanke ciwon, aka ɗaure. Likita ya ce: "Malam, ka yi sa'a, fata ce kawai ta saluɓe. Wayar keke tana iya karya ƙashin yaro." Gwaggo kuwa ta ce: "Haba Yaya! Yaro ba buhun gero ba ne, da za ka ɗora ka manta."

Uban ya so su koma gida. Yaro ya ce: "Baba, ban ga gidan Sarki ba." Sai uban ya tura keke wurin mai gyara, kusa da Kasuwar Dole. Mai gyara ya sa wa keken matakin ƙafa hagu da dama. Ya yanka tsohuwar jarka, ya rufe wayoyin ƙafar baya da ita. Kuɗin aikin bai kai kuɗin kaza ba. Uban ya kuma saya wa yaron takalmi mai rufe diddige.

Bayan kwana 3 ciwo ya yi sauƙi. Suka fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Sannu sannu suka bar Zango, suka nufi Birni, tsohuwar unguwa mai manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane. Inda lungu ya matse, sai uban ya sauka ya tura. Shi kansa yana ajin yaƙi da jahilci. Duk allon da suka gani sai su tsaya, shi da ɗansa su haɗa baƙaƙe har su karanta.

A ƙofar fada suka jingine keke, suka gaida wani dattijo. Dattijon ya ba su tarihi. Sarki Tanimun ne ya ƙarfafa Damagaram. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa a nan cikin gari. Ya rasu a shekarar 1884. A zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a shekarar 1898, aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazmaju. A 1899 Faransawa suka dawo da ƙarfi, aka yi yaƙi a Tirmini, suka ci garin. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasar Nijar, kafin a mai da mulki Yamai.

Dattijo ya tambaye su: "Daga ina baƙi?" Uban ya ce: "Daga Falanko, ƙasar Damargu." Dattijo ya dubi yaron ya ce: "Ashe kai ba baƙo ba ne. Zangon da kuka kwana, a nan ayarin raƙuma yake sauka. Ayarin da ya fito daga Agadas da gishiri da dabino, ta Damargu yake biyowa. A can yake sayen gero. Geron kakanninka ne ya ci da Abzin. In ba manomi, fatake ba sa tafiya."

Yaro ya yi shiru. A hanyar komawa ya ce: "Baba, ashe gonarmu ma tana cikin tarihi?" Uban ya ce: "Ga shi ka ji da kunnenka." Da suka koma Falanko, yaron ya ba ƴan ajinsu labari, yana nuna musu tabon diddigensa.

Jama'a, kai yaro ya ga birni abu ne mai kyau. Keke ba ya shan mai, kuma yana tsayawa duk inda ido ya so. Amma kafin ku ɗauki yaro, ku kula da waɗannan:

1. Ku duba birki da iskar taya tun a gida.
2. Ku sa matakin ƙafa, ku rufe wayoyin ƙafar baya.
3. Yaro ya sa takalmi. Ku naɗe masa riga don kada waya ta kama ta.
4. Yaro ɗaya tak a kan keke, kuma a baya. Wanda bai iya riƙe ku da kyau ba, kada ku ɗauke shi.
5. Ku bi hannun dama. Ku ba manyan motoci hanya.
6. Ku riƙe gorar ruwa. In yaro ya fara gyangyaɗi, ku tsaya.
7. Kada ku yi tafiyar dare ba fitila.

Gani ya kori ji, amma rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.