Garin da ruwa ya ci, a kunna masa fitila

Wanda ya taɓa shiga baje kolin injiniyoyi ya san ƙaramin kwatankwacin ginin nan da ake ajiyewa bisa tebur, wanda Larabawa ke kira mujassam. Sai a latsa maɓalli, fitila ta kama a bakin madatsa, wata ta bi layin wuta har cikin birni. Abin da sha'awa. Amma a irin wannan tebur ruwa shuɗin fenti ne kawai, ba a nuna wanda yake zaune a wurin kafin ruwan ya iso.

Mu mutanen Shuwak mun san abin da ke ƙarƙashin fentin. An soma aikin madatsun Rumela a kan kogin Atbara da Burdana a kan Sitit a 2011, aka buɗe tashar wutarsu mai megawat 320 a 2017. Tafkin ya haɗiye gidaje da lambunan bakin kogi, aka kwashe jama'a zuwa sababbin matsugunai waɗanda ake kira da lamba maimakon suna. Ba yau aka fara ba a wannan kogi: madatsar Khashm al-Girba ta 1964 an yi ta ne domin noman mutanen Wadi Halfa da ruwan Aswan ya tasa.

Ra'ayina shi ne samarinmu su gina nasu kwatankwacin, na ƙauye guda daga cikin waɗanda suka nutse, kuma su sa masa wuta. Wani zai ce ana fama da yaƙi tun Afrilun 2023, wa ke ta wasan yara? Na ji, kuma ban raina maganar ba. Sai dai tsohon da ya san inda masallaci yake, da inda mata ke ɗiban ruwa, ba zai jira yaƙi ya ƙare ba.

Aikin bai fi ƙarfin mai gyaran waya a kasuwa ba. Akwai allon Arduino, ɗan tafin hannu, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, kuma bolt 5 yake ci, daidai da abin da batirin cajin waya ke bayarwa. Kowane ƙwan LED yana jan kamar miliamfa 20, dole a sa masa rizisto, in ba haka ba ya ƙone. Ƙafar allon ba ta ɗaukar fiye da ƙwai ɗaya ko biyu, saboda haka mai son haska gida hamsin gara ya nemi zaren WS2812, wanda waya guda ke gaya wa kowane ƙwai lokacin kamawarsa da launinsa. Wutarsa kuwa a jawo ta kai tsaye daga batiri, kada ta bi ta cikin allo. Faifan sola ƙarami ya isa caji. A ƙara guntun na'urar sauti mai katin ajiya: ka latsa zauren wane, fitilarsa ta kama, muryar jikarsa ta faɗi daga wane gari kakansu ya taso a kan hanyar hajji.

Inda nake da tsauri shi ne launi. Kada a cika shi da ja da kore masu walƙiya kamar rumfar biki. Ƙauyen bai san wannan haske ba. Hasken fitilar kananzir ya sani, rawaya mai laushi, yana fitowa ta ƙofar bukka. A ɓoye ƙwan cikin ɗakin laka, a rage masa ƙarfi, a bar duhu tsakanin gida da gida. A birnin Hamburg na Jamus, a Miniatur Wunderland, dare kan yi duk bayan minti 15 domin baƙo ya ga gari da daddare. Namu ma ya yi magariba, masallaci ya riga kowa kamawa.

Wayoyin su bi ta ƙarƙashin katako, kowace da lambarta, a bar murfin da za a buɗe, domin ƙura da zafin rani da ɓera duk za su gwada su. Kafin a sayi ko ƙwai ɗaya, a tara dattawa uku a kan tabarma su zana ƙauyen a ƙasa da yatsa. Za su yi gardama a kan inda hanyar kogi ta bi. A kunna rikoda tun daga nan.