Idan jirgin ya ƙi jin linzami, kada a zargi gem

A gidajen gem na Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, ƙwallo ce ke ci. Sai ɗaiɗaikun samari, har da na Tsafe da Bunguɗu, masu kwamfuta da kuɗin data, ke tuƙa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu a War Thunder ko IL-2 Sturmovik. Ƙorafinsu ɗaya ne: da zarar jirgi ya sulmiyo da ka, gudu ya yi yawa, sai ya kama rawar jiki, a ja shi sama ya ƙi. Wai gem ne ya lalace.

Bai lalace ba, nan ne ma ya faɗi gaskiya.

Jirgin Amurka P-38 Lightning haka yake. In ya sulmiyo daga can sama, iskar da ke bi ta kan fukafukansa takan kusanci gudun sauti, hancinsa ya ƙara duƙawa, sandar tuƙi ta sandare a hannun matuƙi. Matuƙin gwaji Ralph Virden ya mutu a Nuwamban 1941 yana neman maganin wannan matsala, kuma sai a 1944 aka fara sa wa jirgin wasu 'yan marafai a ƙarƙashin fukafuki masu ɗago hancin.

Jiragen Ingila kuwa matsalarsu injin ne. Spitfire da Hurricane na farko kafireto gare su, to in matuƙi ya danna hanci ƙasa farat ɗaya, sai mai ya yanke, injin ya yi tari. Bf 109 na Jamus mai injekta ne, sai ya sulale ya bar su. Dole matuƙan Ingila suka koyi kifar da jirgi tukuna kafin su bi shi, har injiniya Beatrice Shilling ta kawo wani ɗan ƙarfe mai huda a 1941 ya rage abin. Irin waɗannan Hurricane ɗin ne ma suka riƙa sauka a Kano daga 1940, a hanyarsu daga Takoradi zuwa Masar.

Kamfanonin gem na son kowa ya ji daɗi, shi ya sa suke ba da zaɓi mai sauƙi inda kowane jirgi ke sulmiyowa sumul. Kasuwa ce, ba laifi. Amma wanda ya tsaya nan, duk jiragen ɗaya ne a wurinsa, fenti kawai ya bambanta, ba kuma zai gane dalilin da matuƙin Jamus ke tserewa ta ƙasa, na Ingila yana neman a yi ta zagaye ba.