Shafinka Ba Shagonka Ba Ne

A tarukan koyar da sana'a, a rediyo, har a bakin 'yan siyasa masu rabon tallafi, magana guda ake ta nanatawa: wai zamanin neman rumfa a kasuwa ya wuce, duk mai waya da data ya riga ya mallaki shago. Ana gaya wa matasa da matan aure su buɗe shafi a Instagram ko TikTok, su riƙa ɗora hotunan atamfa da turaren wuta a WhatsApp, arziki zai biyo baya. Maganar ta karɓu har ba a yi mata musu. Ni kuwa ina ganin tana da haɗari, domin shagon da ake cewa naka ne aro aka ba ka, kuma mai shi ba zai nemi shawararka ba ranar da zai karɓe abinsa.

Shekarar 2021 kaɗai ta isa shaida. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ba a buɗe ba sai ranar 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai ke nan mai talla a can yana biyan kuɗin rigimar da ba shi ya tayar ba. A Satumba aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Maƙwabtanmu na Chadi sun ga wanda ya fi wannan, don an toshe musu kafofin sada zumunta tun Maris na 2018 har Yulin 2019. Bayan hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220 a 2024, sai ga kamfanin a 2025 yana gaya wa kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Cikin duk waɗannan, wa ya tuntuɓi mai sayar da leshi a Gusau?

Ko a ranakun da komai ke lafiya, mabiyan da ɗan kasuwa ke alfahari da yawansu ba nasa ba ne. Na'urar kamfani ce ke zaɓar wanda zai ga hoton da ya ɗora, kuma in yana son ya kai ga mutanen da da kansu suka zaɓi binsa, sai ya biya kuɗin talla, ko ya biya wani tauraron fim ko ɗan TikTok ya ambaci sunansa. Ga kuɗin data, wanda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin ɗari. Haya ce ake biya kullum, sai dai babu takardar yarjejeniya.

Babbar asarar tana wajen amana. A Kantin Kwari ko Dawanau, mutum zai ɗauki kayan miliyoyi bashi ba tare da ya sa hannu a takarda ba, saboda akwai dillalin da ya tsaya masa, akwai maigidan da ya yaye shi, akwai shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara. In ya ci amana, kafin la'asar layin duka ya ji, kuma an san gidan ubansa. Me ya maye gurbin wannan a waya? Mace ta ga leshi mai walƙiya a hoto, ta tura kuɗi, ɗan aike ya kawo mata wani yadi mai shara-shara, tana kira ta tarar an toshe lambarta. Mai kaya ma bai tsira ba: a nuna masa alat na bogi, ya saki kaya, sai dare ya duba asusu ya ga wayam. Macucin ya canza suna gobe ya ci gaba da harkarsa.

Za a ce ai matan da ba sa fita sun samu hanyar dogaro da kai, kuma yarinyar da da za a ɗora wa tiren talla yanzu tana makaranta. Wannan gaskiya ne, alheri ne babba, ba mai hankalin da zai so a koma baya. Amma a lura da wa ke saye a wurin yawancinsu: dangi, ƙawaye, matan unguwa, 'yan makarantar Islamiyya, wato mutanen da tun asali suka san su. Zumunci ne ya yi cinikin, waya ta ɗauki saƙo kawai. Za a kuma ce ai kasuwar ma tana ƙonewa, kamar yadda ta Sabon Gari a Kano ta yi a 2016. Haka ne, amma wanda gobara ta cinye wa shago yana tashi da sunansa da abokan cinikinsa, 'yan uwansa 'yan kasuwa su haɗa masa gudunmawa, masu kaya su sake ba shi bashi. Wanda aka yi wa kutse ko aka rufe wa shafi yana rasa masu sayen ne gaba ɗaya, kuma babu ofishin da zai je ya zauna har a saurare shi.

Saboda haka masu koyar da sana'a su daina yaudarar yaranmu cewa waya ta wadatar. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su buɗe rajista ga masu sayarwa ta intanet, su tsaya musu, su kuma hukunta wanda ya ci amana, yadda mai saye zai san inda zai kai kuka. Ke kuma mai sana'a, ki ci gaba da tallarki a waya, amma ki sayi littafi yau ki rubuta suna da lamba da unguwar duk wanda ya taɓa sayen kayanki.