Gwangwanin kwalfe ruwa ba gyaran kwalekwale ba ne

Duk wanda ya gangara bakin kogin Kaduna daga Sabon Tasha da damina zai ga abu guda a cikin kusan kowane kwalekwale, na masunta ko na masu ɗiban yashi: tsohon gwangwani ko yankakkiyar jarka. Ana tuƙi, yaro yana kwalfe ruwa. An saba da hakan har ba a ɗaukarsa aibi, alhali shaida ce cewa jirgin yana yoyo.

Ruwa ba kasafai yake shiga ta tsakiyar katako ba. Yana bi ta ramin ƙusa, da mahaɗar katakai, da inda aka ɗaura inji ko zoben igiya. Katako yakan kumbura a ruwa ya tsuke a rana, ƙusa ta yi tsatsa, girgizar inji ta ƙara buɗe ramin. Ɓarnar tana ciki, inda ido ba ya gani. Shi ya sa shafa kwalta a kan ƙusa kawai yaudarar kai ce. Sai an fito da jirgin tudu ya bushe, a zare ƙarfen, a sassaƙe ruɓaɓɓen wurin, a cusa auduga ko tsumma da kwalta a mahaɗa, sannan a mayar da sabon ƙarfe a kan abin liƙi. Aikin 'yan kwanaki ne, amma mai jirgi yana lissafin cinikin da zai rasa.

Kogin nan namu yana haɗuwa da Neja kusa da Patigi, inda fiye da mutum 100 suka rasu a watan Yunin 2023 suna dawowa daga biki. Kafin nan an yi na Wara a jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Bagwai a Kano a Nuwamban shekarar. Lodi fiye da ƙima da tafiyar dare aka fi zargi, kuma gaskiya ne. Sai dai katakon da ruwa ya ci shi ne ke darewa idan ya daki kututture.

Hukumar NIWA tana ta batun rigar kariya, madalla. Muna kira gare ta, da ƙaramar hukumar Chikun, da sarakunan ruwa, su sa a riƙa kife kowane jirgin haya a duba ƙasansa kafin ruwa ya cika a watan Agusta. Wanda aka samu yana yoyo, ya zauna a tudu sai an gyara.