Mazan Jiya Ba Abin Raini Ba Ne

Akwai waɗansu samari masu ɗan ilmi da ke cewa wai tsofaffin sojan da suka je Boma yaƙin Bature suka yi, saboda haka babu abin tunawa a ciki. Wannan magana ce ta wanda bai san jiya ba.

Gaskiya ne tutar Ingila aka bi. Amma su wa suka ɗauki kaya a ka cikin kwarin Kaladan a 1944, inda sai jirgin sama ya jefo abinci? Su wa suka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japan cikin Janairu 1945? Mutanen Runduna ta 81 da ta 82 ne na Afirka ta Yamma. Da yawansu 'ya'yan manoman Arewa ne, har Turawan da ke shugabancinsu sai da suka koyi Hausa.

Sa'ad da tsohon soja ya goge lambobinsa ya fito fareti, ba Sarkin Ingila ya ke tunawa ba. Abokinsa ya ke tunawa, wanda aka binne a dajin da iyayensa ba su taɓa jin sunansa ba.

Yanzu kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Sunaye suka saura: barikin Dalet a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Myohaung a Ikko. Ajiye furanni ran 15 ga Janairu bai isa ba. Wajibi ne malamai su koya wa yara asalin sunayen nan, gama wanda ya raina kakansa kansa ya raina.